Tambaya da Amsa: Ta Ina Gidauniya Za Ta Fara Rage Kuɗin Gudanarwa?

Wasiƙu huɗu da muka zaɓo a wannan fitowar duk a kan magana ɗaya suke, wato yadda ƙungiyoyin agaji da gidauniyoyi za su rage abin da suke kashewa a kan kansu, domin abin da yake isa hannun mabuƙata ya ƙaru. Mun sakaya sunayen masu tambaya da na ƙungiyoyinsu, kamar yadda muka saba a wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne ma'ajin wata gidauniya da take tallafa wa marayu da iyayensu mata a Zariya da kewaye, kuma kuɗinmu yana fitowa ne daga karo-karon mambobi da gudummawar wasu 'yan kasuwa. Da muka yi lissafin bara, sai muka tarar cewa cikin kowace naira 100 da ta shigo, kusan naira 40 ta tafi ne a hayar ofis, da man janareto da na mota, da alawus ɗin ma'aikata, da hidimar ranar rabo. Wani babban mai taimaka mana ya ce ba zai ƙara ba da ko sisi ba sai wannan kaso ya sauko. Shugabanmu yana ganin a sallami akanta, a daina biyan mai binciken kuɗi na ƙarshen shekara, ni in riƙa rubuta lissafin da kaina. Ta ina ya kamata mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam ma'aji. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan hidima. Kafin komai, ku kwantar da hankalin mai taimakon naku da bayanin da shi kansa ya san gaskiyarsa a shagonsa. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ana sayar da lita ƙasa da naira 200, amma zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a farkon 2024. A watan Afrilu na 2024 an ninka kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wutar lantarki, fiye da sau uku, sannan a Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Karo-karon mambobi kuwa bai tashi da irin wannan gudu ba, saboda haka gidauniyar da ba ta ƙara komai a kan hidimarta ba ma za ta ga kason gudanarwarta ya kumbura. Wannan bai isa hujjar a zauna a naɗe hannu ba, amma ya isa ya hana ku yanke hukunci cikin firgici.

Shawarar sallamar akanta kuwa, ina girmama shugabanku, amma wannan shi ne a bar jaki ana dukan taiki. Mutumin da ya gano muku cewa naira 40 ce take tafiya, shi ne wanda ake so a fara kora, kuma idan ya tafi, baɗi ba wanda zai iya faɗa muku ko kason ya sauka ko ya hau. Haka nan, bai dace a ce mai riƙe kuɗi shi ne mai rubuta lissafinsu ba, komai amanarsa, domin raba waɗannan ayyuka biyu kariya ce gare ka kai kanka ranar da wani zai ɗaga murya a taron mambobi. Idan kuna da rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta muku miƙa rahoton shekara tare da bayanin kuɗi, kuma jinkiri yana jawo tara, sannan bankuna suna neman takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da yake ƙarƙashin EFCC, kafin su yi hulɗa da ƙungiya irin taku. Abin da za ku iya yi, idan albashin cikakken akanta ya yi muku nauyi, shi ne ku mayar da aikinsa na kwana biyu a mako bisa yarjejeniya, ko ku haɗa kai da wata gidauniya ku ɗauki mutum ɗaya ku raba biyansa.

Inda za ku fara shi ne kan tebur. Ku ɗauko rasit da baucha na wata uku da suka wuce, ku zauna kai da akanta da mutum ɗaya daga cikin amintattu, ku tambayi kowace takarda abu ɗaya: in da ba a kashe wannan kuɗi ba, me maraya zai rasa? Za ku ga cewa wani ɓangare na naira 40 ɗin nan aikin marayu ne aka rubuta shi a gurbin ofis. Man da ma'aikaciyarku ta ƙona ta je Giwa ko Soba ta duba ko yaron da kuke biya wa kuɗin makaranta yana zuwa aji, wannan tallafi ne kamar littafin da kuka saya masa, kuma daidai ne a rubuta shi a nan, muddin an bayyana wa masu taimako yadda aka yi rabon. Abin da ya rage bayan wannan tacewa shi ne ainihin kuɗin gudanarwa, kuma a cikinsa ne za ku nemi abin yankewa.

Ina kyautata zaton mafi girman abin da za ku samu yana cikin hidimar ranar rabo, domin a nan ne gidauniyoyinmu suka fi zubar da kuɗi ba tare da sun lura ba. A kama ɗakin taro, a ɗauko hayar rumfa da kujeru da lasifika, a buga allon talla mai hotunan shugabanni, a dafa abinci na musamman saboda manyan baƙi, a ba masu ɗaukar hoto kuɗin mota. Su kuma matan da aka yi taron dominsu sun iso tun ƙarfe takwas, wata da goyo, wata ta ranto kuɗin a-daidaita-sahu, suna zaune a bayan rumfa suna jiran babban baƙon da ba zai iso ba sai bayan azahar, kuma idan an kira sunan mace sai ta tsaya riƙe da buhun shinkafa har a gama ɗaukar hotonta. Wannan yana ci mini rai, domin an kashe kuɗin maraya wajen tozarta mahaifiyarsa. Ku raba rabon unguwa-unguwa, a zauren mai unguwa ko a harabar makarantar Islamiyya, mutum 30 ko 40 a lokaci guda, kowace da katinta da lokacin zuwanta, a gaban shaidu biyu da za su sa hannu. Wannan ya fi arha, ya kuma fi tsare rayuka, domin ba mu manta da Disambar 2024 ba, lokacin da turmutsutsu a wajen wani taron rabo a Ibadan ya halaka yara 35, sannan aka sake rasa rayuka a Abuja da Okija cikin mako guda. Mai taimakon da yake son hujja, takardar sa hannun waɗanda suka karɓa ta fi masa hoton taro amfani.

Sai ofis da janareto da mota. Gidauniyar da ma'aikatanta suke yini a unguwanni ba ta buƙatar gida mai ɗaki huɗu, ɗaki ɗaya mai kulle da sito mai tsaro sun isa, kuma da wuya a rasa masallaci ko makaranta ko wani mai hali da zai ba da aron ɗaki, sai dai a rubuta yarjejeniyar aron don kada magada su zo da wata magana daga baya. Game da wuta, ku rubuta litar man da janareto yake sha a mako, ku ninka da farashin yau, ku ninka da 52, sannan ku kwatanta da abin da masu haɗa sola biyu ko uku suka yanka muku. Ofishin da kayansa ba su wuce kwamfuta biyu da na'urar buga takarda da fanka da fitilu ba, ƙaramar sola tana ɗauke shi, amma ku sa kuɗin canjin batir a lissafi, domin zafin garuruwanmu yana rage masa kwana, ku kuma sa wani ya riƙa goge farantan lokacin ƙurar hunturu. Irin wannan kaya ne ya fi sauƙin roƙo, saboda ɗan kasuwan da ba ya son jin maganar kuɗin mai yakan yi farin cikin sayen sola a matsayin sadaka mai gudana. Mota kuwa tana cin kuɗi ko tana ajiye, ga direba, ga sabunta takardu, ga inshora, ga bakanike. Idan ba ta fita fiye da sau biyu a mako, ku sayar da ita ku riƙa ɗaukar shata ranar da ake buƙata, idan kuma dole ce, a ajiye littafi a cikinta da za a riƙa rubuta inda aka je da wanda ya aika.

Wajen sayayya ma akwai rara mai yawa. Kada a sayi kaya mai tsada sai an ji farashi daga wuri uku, kada wanda ya yi ciniki ya zama shi ne mai biya, kuma ɗan kwamitin da yake son ya kawo kaya ya faɗa a fili, ya fita daga ɗakin lokacin da ake yanke shawara. Hatsin azumi a saye shi a kan sari da kaka, a Dawanau ko a kasuwannin ƙauye da suke kusa da ku, a auna kowane buhu a kan sikeli kafin a loda, a adana wake da masara a buhun PICS mai ruɓi uku wanda yake kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba. Yanzu da azumi yake faɗowa 'yan watanni kaɗan bayan girbi, ajiyar ba ta da tsawo. Sai dai ku sayi abin da za ku raba kawai, kada ku shiga ajiyar neman riba da kuɗin marayu, domin a 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙasa, waɗanda suka tara suka yi asara. Kayan makaranta kuma, ku sayi yadi a dunƙule a Kantin Kwari, ku ba iyayen marayun da suka iya ɗinki su ɗinka ku biya su, ta yadda kuɗin ɗinkin ma zai koma gidajen da kuke son taimakawa.

Tambaya: Malam, ni ce shugabar wata ƙungiyar mata a Sakkwato da take karɓar zakka daga hannun masu hali tana rabawa. Masu ba mu suna cewa kowace naira ta isa hannun talaka, alhali muna da 'yan mata biyu da suke bi gida-gida suna tantancewa, ga kuɗin mota, ga cajin banki. Shin ya halatta mu biya su daga zakkar? In ba haka ba, daga ina?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukuni 8 na waɗanda ake ba zakka, kuma na uku a cikinsu su ne masu aikin tattara ta da rabonta, wato shari'a da kanta ta san cewa isar da dukiya ga mai ita aiki ne mai cin kuɗi. A mazhabar Malikiyya ana biyan ma'aikacin zakka gwargwadon aikinsa ko da mawadaci ne, Shafi'awa kuma suna iyakance rabon ma'aikata da kashi 1 cikin 8. Amma akwai sharaɗin da bai kamata a tsallake ba: malaman fiƙihu sun yi wannan magana ne a kan wanda hukuma ta naɗa, kuma da yawa suna ganin wanda mai dukiya ya wakilta ya raba masa zakkarsa ba ya shiga wannan rukuni, ladansa yana kan wanda ya wakilta shi. Tunda jiharku tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, ku je ku nemi matsayinku a wurinta da wurin malaman da kuka amince da su, a rubuce, kafin ku taɓa ko kwabo.

Hanyar da ta fi kuɓutar da ku daga shubuha da zargi ita ce asusu biyu. Zakka ta shiga nata asusun ta fita gaba ɗaya zuwa ga masu ita, sannan a buɗe na biyu domin hidimar aiki, wanda za a riƙa cika shi da sadaka da karo-karo. Idan Alhaji ya kawo zakkarsa, ku gaya masa gaskiya cikin ladabi cewa kai wannan kuɗi gida 50 yana cin kaza, ku roƙe shi ya ɗora wannan a kai daga aljihunsa. Da yawa za su yarda idan sun ga lissafi, domin sun san abin da za su kashe in da su ne za su bi gidajen. Kada ku taɓa cewa ba ku kashe komai alhali kuna kashewa, saboda ƙungiyar da ta fara wannan da'awa takan ƙare ne da ɓoye kuɗin mota a cikin farashin shinkafa. Ko a Amurka, manyan cibiyoyi uku masu auna ƙungiyoyin agaji, ciki har da Charity Navigator da GuideStar, sun fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2013 suna jan hankalin masu bayarwa da su daina ɗaukar ƙanƙantar kuɗin gudanarwa shi kaɗai a matsayin ma'aunin nagarta. Cajin banki kuma, ku nemi bayanin asusu na shekara ku tara shi wuri ɗaya, har da harajin naira 50 da ake cira a kan tura naira 10,000 zuwa sama, sannan ku zauna da manajan reshe ku nemi rangwamen kuɗin kula da asusu. A nan gaba ku sa ido a kan waƙafi, ko da shago ɗaya ne da hayarsa za ta riƙa biyan 'yan matan nan biyu, domin shi ne zai raba ku da roƙon kuɗin hidima kowace shekara.

Tambaya: Malam, ina jagorantar wata ƙungiya a Maiduguri da take aikin ciyar da yara da koyar da sana'a a unguwanni uku. Tallafin ƙasashen waje da muke dogaro da shi ya tsaya a 2025. Shin in rage albashin kowa da rabi, ko in sallami wasu?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita, domin wannan jarrabawa ta shafi ƙungiyoyi da yawa a arewa maso gabas. Gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare ranar 20 ga Janairu, 2025, hukumar USAID ta rufe a farkon Yuli na shekarar, Birtaniya kuma ta sanar da rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarta kafin 2027, saboda haka kada ka tsara lissafinka a kan cewa kuɗin zai dawo nan kusa. Raba ragin a kan kowa yana kama da adalci, amma sakamakonsa shi ne ƙwararrun ma'aikatanka, waɗanda suke da inda za su je, su fara tafiya, sauran kuma su shiga neman abin yi a gefe, ayyukan duk su lalace tare. Abin da ya fi shi ne kai da amintattu ku duba wanne aiki ne idan kuka daina ba wanda zai yi shi, ku riƙe shi da cikakken ƙarfi, ku miƙa sauran ga wata ƙungiya ko hukuma tare da sunayen masu amfana, don kada yaron da yake tsakiyar jinyar tamowa ya faɗi a tsakani. Idan za a rage albashi, a fara daga naka da na manyan jami'ai, a kuma faɗi wa'adin ragin.

Waɗanda za a sallama a tara su a gaya musu gaskiya da wuri, a ba su wa'adin da takardar ɗaukarsu ta tanada, a biya su haƙƙinsu, a tabbata harajin albashi da kuɗin fansho da aka cire musu sun shiga inda ya kamata, domin riƙe waɗannan don toshe wani gurbi cin amana ne kuma bashi ne mai jawo tara. Ka nemi ƙungiyoyin da suke cikin irin halinku ku haɗa ofis ɗaya da sito ɗaya da mai gadi ɗaya, ka soke hayar otal domin bita, ka yi amfani da manhajojin da ba a biya irin su KoboToolbox wajen tattara bayanai da LibreOffice wajen aikin ofis. Duk ranar da kuɗi ya sake shigowa, ku fara gina ajiyar da za ta riƙe ku wata uku. Ƙungiyar agajin yara ta Kids Company a Landan, wadda ta shekara da shekaru tana karɓar miliyoyin fam daga gwamnati, ta rufe ƙofa a Agustan 2015, kuma ƙarancin ajiya yana cikin abubuwan da aka fi ambata a binciken da ya biyo baya.

Tambaya: Malam, mu matasa ne 'yan sa-kai a Maraɗi. Kuɗin mota da na leburori wajen kai gero ƙauyuka yana cinye mana kaso mai yawa. Ko mu koma ba da kuɗi a hannu?

Amsa: 'Yan'uwana, Allah ya yi muku albarka. A ƙasarku aka yi ɗaya daga cikin sanannun gwaje-gwajen wannan hanya: lokacin farin 2010, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba kuɗi wata-wata a ƙauyukan jihar Tawa, wasu gidaje a hannu, wasu ta wayar salula, kuma binciken da aka yi ya nuna cewa matan da suka karɓa ta waya sun huta da doguwar tafiya da jiran layi, abincin gidajensu ma ya fi bambanta, ko da yake sayen wayoyin ya sa kuɗin farawa ya yi sama. Kuɗi yana sauke muku nauyin sito da lodi da asarar buhunan da suke fashewa a hanya, amma yana aiki ne kawai inda kasuwa take ci kuma akwai gero a cikinta a farashin da bai gagara ba. Saboda haka kafin ku yanke shawara, ku aika mutum ranar kasuwar kowane ƙauye ya tambayi kuɗin tiya, ya duba ko akwai wakilin da ake cirar kuɗi a wurinsa da abin da yake caja. Ƙauyen da yake da duka biyun ku tura masa kuɗi da sunan uwar gida, ku ɗora kuɗin cirewa a kai. Wanda yake nesa da kasuwa, ko hanyarsa take yankewa da damina, ku kai masa geron tun kafin ruwa ya sauka, kuma ku nemi motar da ta kawo kaya birni za ta koma babu lodi, domin direbanta yakan karɓi ƙasa da kuɗin shata.